Ruwan Tukunyar Jego

Tun da na dawo daga ƙasar Doguwa ban huta da tambaya ba. A rijiya a tambaye ni, a wurin sussuka a tambaye ni, har a bakin ɗakin sujada sai wata ta ja ni gefe ta ce, "Hannatu, wai yaya can ɗin yake? Da gaske ne abin da aka ce kin yi?" Bakina ya gaji. Kuma na lura labarin yana ƙara ƙiba a hanya, don jiya na ji an ce har gunki na durƙusa wa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, tun da malamin yaƙi da jahilci bai yi wahalar banza a kaina ba. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. In kun ga baƙi ya karkace ku yi haƙuri, hannun da ya saba da taɓarya ne.

Ga waɗanda ba su san tushen ba: Ladi 'yata ce. An yi mata baiko da wani yaro cikin dangin ubanta tun muna maguzawa, mu da su duka. Daga baya suka tashi suka bi haƙar kuza can gindin duwatsu bayan Doguwa, suka gamu da Fada, limamin wata mishan dabam, suka karɓi Almasihu a hannunsa. Mu kuma mai bishara ya same mu a ƙauyenmu na ƙasar Kiru, muka karɓa a hannunsa. Ranar da na ji labarinsu har guɗa na yi, na ce Allah ya sa mun ci a ƙwarya ɗaya. Maigidana ya ce in rufe bakina, ba ɗaya ba ne. Amma zumunci ya riga ya ƙullu, aka kai yarinya bara waccan.

Bisa al'ada gida za ta zo goyon ciki, sai haihuwa ta riga ta. Bakwaini, namiji, a ƙarshen damina. Uwar mijinta ta daɗe da rasuwa, ba mai yi mata wanka. Wani leburan kuza da ya zo ganin gida shi ya kawo saƙon.

Kun san maigidana, dattijo ne a ikilisiya, shi ke zagawa da ƙoƙo ranar Jibin Ubangiji, ya miƙa wa kowa ya kurɓa. Bai hana ni tafiya ba. Ina ɗaure kaya ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Ki je ki yi abin da ya kai ki. Amma ki buɗe kunne. Kada ki bari su yayyafa wa jikana ruwan nan nasu. Jariri bai san damansa da hagunsa ba, da me zai ba da gaskiya? In ya girma ya ji bishara, ya shiga kogi da ƙafarsa yadda muka shiga."

Na ce to. Tun da aka kawo ni gidansa ban san wata amsa ba sai ita.

Ya haɗa ni da ƙanensa Tanko, mai kai gishiri da jakuna wajen 'yan kuza. Tanko har yau bamaguje ne, kuma bakinsa ba ƙofa. Da ma tsakanin mace da ƙanen miji akwai wasa, shi kuwa ya mai da wasan sana'a.

Muka fara biyawa ta Bebeji ranar kasuwa don kayan jego. Na sayi kanwa mai kyau, jar nan ta kunu, da citta da masoro da kanumfari na yaji. Mai kayan ƙanshin ta dubi abin da na tara ta ce, "Barka, Inna. Ango aka samu ko kishiya?" Na ce ango. Ta ƙara mini kimba kyauta, ta ce in gaya masa tana nan tana jira in ya gaji da tsohuwa. Tanko ya ce ita ma ai ba yarinya ba ce. Ta jefe shi da ƙwallon goruba. Na tuna wannan domin ita ce dariyar da na yi da dukan cikina a tafiyar nan.

Daga Bebeji muka miƙa kudu. Hanya duk taɓo, an yanke gero, dawa ta fitar da kai. Ƙafata ta kumbura tun kafin Tudun Wada. A can muka sauka gidan wata gwauruwa mai sayar wa fatake tuwo, ana ce mata Iya Abu, musulma ce. Da ta ji ni Kirista ce ta ware mini ƙoƙon shan ruwa dabam. Ban ji haushi ba, gidanta ne. Amma tabarmarta ta shimfiɗa mini, ta dafa ruwa ta gasa mini ƙafa da hannunta, ta cika mini akushi da tuwon dawa da miyar kuka har na kasa cinyewa.

Da gari ya waye na je duba kaya, sai na tarar da jakin Tanko ya kwance bakin ƙunshina ya lashe kanwar nan tas, yana tsaye yana lumshe ido kamar mai jego. Na zauna a ƙasa. Tanko ya ce, "Ki yi masa barka mana, matar Yaya, ko shi ma bakwaini ya haifa." Iya Abu ta zage shi tun daga kakansa, ta shiga ɗaki ta ɗebo mini tata kanwar.

Muna ɗaurawa ta tambaye ni dalilin da fuskata ba ta yi kama da ta mai zuwa ganin jika ba. Na gaya mata saƙon da na ɗauko. Ta riƙe baki ta ce, "Au, ku ma kun rabu? Na ɗauka ku da kuke 'yan kaɗan za ku riƙe juna. Mu nan malamin gabas da malamin yamma sun daina bin juna salla, wannan ya ce a rungume hannu a ƙirji, wancan ya ce a sake shi. Ni dai duka biyun tuwona suke ci. Je ki, 'yar'uwa, Allah ya raya."

Gaba kaɗan muka iske kogi ya cika. Masu fito suka ɗora kayanmu a manyan gora, aka ce in rungumi ɗaya in saki ƙafa, wani ya tura ni yana iyo. Na tsaya a baki na ƙi shiga. Tanko ya ce, "Ke da aka dulmuya a kogi da gangan kina waƙa, yau ke ce da tsoron ruwa?" Na runtse ido na kama goran. Na sha ruwa, ɗankwalina ya tafi, amma kanwa tana bisa kan mai fito, ba ta jiƙe ba.

A Falgore aka tsai da mu. Nan ne iyaka, ba ta sarki ba, ta daji. Ba mai shiga shi kaɗai, sai an taru an zama ayari. Wani ma'aikacin daji mai kaki ya bi kayan kowa yana neman baka da tarko, ya ɗaga muciyata ya juya ta kamar bai taɓa ganin irinta ba, ya mayar. Da muka shiga, tsando ya yi ta cizonmu ta cikin zane. Muka wuce kashin giwa yana tururi a tsakiyar hanya, kowa ya yi tsit, har Fulanin da ke cikinmu suka daina kiran shanunsu da ƙarfi.

A gindin wata tsamiya Tanko ya ɗebi gari ya watsa wa iskoki. Na ce ba kyau. Ya ce, "Matar Yaya, kakanninmu sun ce Allah yana can sama, ba wanda ya san ƙofar gidansa, shi ya sa muke lallaɓa na kusa. Ku kuwa kun ce kun san shi, har kun san abin da yake so a sha da wanda ba ya so."

Na ce, "Ai daɗin ke nan, Tanko. Bai zauna can ba, ya sauko wurinmu." Da zuciya ɗaya na faɗa, kuma har yanzu a kanta nake.

Ya ce, "To in ya sauko, me ya sa Yaya da surukansa ba su gan shi a wuri ɗaya ba?"

Na ce ya kula da jakinsa.

Bayan Doguwa muka bar babbar hanya muka bi ta ƙafa zuwa unguwarsu, 'yan bukkoki a gindin dutse. Ladi ta fito tana dafa bango. Ta rame, idonta ya faɗa. Ta ce, "Inna." Aka miƙo mini yaron cikin auduga da tsumma. Bai cika tafin hannuna biyu ba, fatarsa kamar ta ɗan tsako, amma ya kama yatsana ya riƙe. Sun sa masa Yohanna. Ni angona nake ce masa.

Tun ranar na kama aiki. Na samo babbar tukunya na kafa a bayan ɗaki, safe da yamma in cika ta da ruwa da ganyen runhu, ta tafasa, in yi wa Ladi wanka, in dama mata kunun kanwa, in hura wuta ƙarƙashin gado. Shi kuwa angona ba na barin ko iska ta taɓa shi. Kowace kaka a cikinku ta san wannan: sanyi shi ne ajalin bakwaini.

Kuna ta tambayata yadda suke. Mutane ne kamar mu. Abincinsu ya fi karkata ga acca, tuwonta ba ya riƙe ciki, in kin ci da rana kafin la'asar kina hamma. Ran Juma'a ba sa cin nama, ko da yake ban ga suna samunsa sauran ranakun ba. In za su ci abinci sai su taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu. Suna jan carbi kamar musulmi, suna durƙuso a ɗakin sujada har gwiwa ta yi kanta, wasu addu'o'in kuma da wani harshe ne da su kansu ba sa ji. Akwai siffar uwar Ubangiji a kan wani ɗan teburi. Na dube ta, ban durƙusa ba, ku gaya wa mai yaɗa wancan zancen. Ba su hana giya ba, sai dai a ce kada a bugu. Da Tanko ya ji haka ya ce, "Kash! Da wannan mishan ɗin ne ya fara zuwa garinmu, da tuni ni ne dattijo." Amma na ga suna kai wa marasa lafiya itace da ruwa, kuma sunan Yesu da suke kira shi ne wanda muke kira.

Fada ba ya zama a nan, sai ya zagayo a kan babur bayan watanni. Mai riƙe da su shi ne katakis, wato malaminsu mai koyarwa, Malam Yusufu, baffan mijin Ladi. Mutum ne mai sanyin murya, ramin kuza ya bar masa tari. Ya zo gaishe ni ya tsuguna daga nesa, muka gaisa har gajiya da mutanen gida. Sannan ya ce, "Uwar Ladi, tun ranar da aka haifi yaron nan na so in yi masa baftisma, don na ga yadda ya zo. 'Yarki ta ce a jira ki, kada a yi abu a bayan iyayenta. To ga ki."

Na sunkuyar da kai na isar da saƙon maigidana yadda ya ba ni, ban rage ba.

Ya daɗe yana tari. Ya ce, "Ɗan'uwana bai san abin da yake hanawa ba. Yaron da ya mutu ba ruwan nan ba ya shiga wuta, Allah ba azzalumi ba ne. Amma ba ya ganin fuskar Allah. Akwai wani wuri da ake ajiye su, ba azaba, ba kuka, sai dai ba sa ganinsa har abada. Uwarsa ma in ta je ba za ta same shi ba."

Na ce, "Malam, mu an koya mana ruwa ba ya ceto, bangaskiya ce."

Ya ce, "Mu ma da Littafin muke."

Na ce, "Mu ma."

Kaza tana tsattsaga a tsakaninmu. Daga ƙarshe ya ce tun da yaro yana kama nono, kuma ana sa ran Fada bayan girbin dawa, za a dakata, shi zai aika wa ɗan'uwansa su yi magana ta maza. Na yi masa godiya. Har na ji daɗi a raina, na ce na iya riƙon saƙo.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Doguwa ce. Maza duk sun tafi, da Malam Yusufu da mijin Ladi da Tanko, matan unguwa kuma suna can gona wajen yankan acca. Tun azahar angona ya ƙi nono. Na ce ko barci ne. Da la'asar na gama yi wa Ladi wanka, na shigo ina goge hannu, sai na ga ta zuba masa ido. Leɓensa ya yi shuɗi. Numfashinsa yana zuwa, ya tsaya, ya daɗe, ya dawo. Na binne 'ya'ya a zamanin maguzanci, na san wannan numfashin.

Ladi ta ce, "Inna, ki zuba masa ruwa."

Na ce, "Ladi."

Ta ce, "An koya mana. In rai zai fita kowa yana iya yi, ko ba namu ba ne. Uwa ce kawai aka ce kada ta yi in akwai wani a kusa. Inna, ke ce a kusa."

Na ce, "Kin san abin da ubanki ya ce."

Ta kama ƙafata da hannu biyu, ita da ko tsugunawa ba ta iya yi sosai. Ta ce, "Baba yana Kiru. Inna, so kike in je can in neme shi in rasa?"

'Yan'uwana, ba zan ce muku na auna maganar maigidana da ta Malam Yusufu na ga wadda ta fi nauyi ba. Ban auna komai ba. Na ga fuskar 'yata, na ɗauki ƙoƙo.

Randa tana nan a bakin ƙofa, cike da ruwan rafi, da moɗa a kanta. Na sa hannu na ji shi kamar ƙanƙara, ruwan gindin dutse. Na wuce ta. Na zaga baya wurin tukunyar wanka, sauran ruwan ya huce ya zama ɗumi. Na ɗiba, na ɗiga a bayan hannuna yadda nake yi kullum, na ji daidai. Ladi tana faɗa ina maimaitawa, da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki, ina zubawa kaɗan kaɗan a goshinsa. Bai firgita ba. Ya ɗan motsa baki kamar mai neman nono. Kafin rana ta faɗi bayan dutse ya tafi, a hannuna, a cikin zanena.

Da maza suka dawo Ladi ce ta gaya musu, tana kuka tana cewa, "An yi masa, Baffa, Inna ta yi masa." Malam Yusufu ya durƙusa a gabana, dattijo da furfurarsa, ya ce Allah ya saka mini. Ya karɓi gawar ya buɗe fuskar don ya sa mata alamar gicciye. Sai ya ga ɗan ganye manne a gashin yaron. Ya cire shi ya duba.

Ya ce, "Uwar Ladi, wane ruwa kika ɗiba?"

Na gaya masa. Ya tashi ya zaga baya, muka bi shi. Ya leƙa tukunya. Ruwan ya yi ja kamar jiƙo, ganye ya dahu ya kwanta a ƙasa. Ya sa yatsa ya ɗanɗana.

Ya ce, "Ruwa zalla aka koya mana. Wannan ruwa ne ko magani?"

Na ce, "Ruwa ne, Malam, ni na ɗebo shi a rafi."

Ya ce, "Kunu ma da ruwan rafi ake dama shi."

Nan maza suka kama. Wani ya ce ai ruwan kogi da damina ya fi wannan ja, kuma ana yi da shi. Wani ya ce wancan ƙasa ce ta Allah, wannan kuwa dafawa aka yi da gangan. Wani ya ce a ƙirga yawan ganyen. Suna yi, gawa tana kwance a kan tabarma, uwar tana tsaye tana bin bakin kowa da ido. Malam Yusufu ya ce shi ba zai iya yankewa ba, sai Fada. Ban ce mugu ne ba. Hawaye yake yi. Tsoro ne ya kama shi, kada ya ce i a inda Allah ya ce a'a.

Amma gawa ba ta jiran babur. Makabartarsu tana da shingen ƙaya, cikin shingen Fada ya sa wa albarka, kuma wanda aka yi wa baftisma kaɗai ake sawa a ciki. Da safe aka tsaya a bakin shingen ana ta shawara. Daga bisani Malam Yusufu ya auna taƙi ɗaya daga ƙaya ta waje, ya ce a haƙa a nan. Ya ce, "In Fada ya zo ya ce ruwan ya yi, sai mu cire shingen mu matsar da shi, yaro ya shigo."

Tanko ne ya karɓi fartanya ya haƙa. Tun daga Kiru bakinsa bai rufu ba, amma ranar ko tari bai yi ba. Da ya gama ya kaɗa jakunansa ya tafi, bai tsaya shan giyarsu ba.

Ni na zauna, domin ko ɗa ya mutu sai an ƙarasa wa uwa wankanta. Safe da yamma ina kan tukunyar nan. Nono ya cika mata yana zuba, ina ɗaure mata ƙirji da zane. Kullum in na ɗaga ganye zan watsa mata ruwa sai ta ce, "Inna, yana ina?" In ce yana hannun Ubangiji. Ta ce, "Ciki ko waje?" In ta ji ƙara daga nesa sai ta fita da gudu, ko babur ne. Dawa ta nuna, aka girbe, Fada bai zo ba, aka ce ciwo ya kwantar da shi.

Wata safiya ina cuɗa mata baya, ba ta juyo ba, ta ce a hankali, "Randa fa tana bakin ƙofa, Inna."

Na ci gaba da cuɗawa. Na sha maganganu a rayuwata, amma wannan ita ce ta zauna.

Da wanka ya cika na kama hanya. Na samu motar kuza ta sauke ni a Tudun Wada, wannan ce shigata mota ta fari, kuma ba abin da na gani sai amai. Iya Abu ta hango ni ta taso da murna tana cewa ina labarin ango. Ta dubi fuskata ta yi salati, ta kama hannuna ta kai ni ɗaki. Ba ta tambaye ni ciki ko waje ba. A ƙoƙonta ta ba ni ruwa ranar, ko mantawa ta yi, ban sani ba.

Tanko bai faɗa wa kowa komai ba. Ni da bakina na gaya wa maigidana, tun ban kwance kaya ba. Ya dubi ƙasa, ya ce, "Abu ɗaya na ce miki." Ya kai maganar gaban dattawa da kansa, don kada a ce ya rufa wa gidansa asiri.

Sauran kun sani, kuna wurin. Aka ce na yi aikin Fada, na nuna jinin Almasihu bai isa ba sai an ƙara da ruwa. Aka sa ni horo: bencin baya, ba Jibi, sai ranar da na tsaya gaban jama'a na ce na tuba. Mai bishara ya yi mini magana da taushi, ya ce, "Mama, yaron yana wurin Ubangiji tun kafin ki ɗauki ƙoƙo. Ba ya bukatar ko ɗigo."

Na ce, "Malam, ka tabbata?"

Ya ce, "Na tabbata."

Na ce, "Na gode. Malam Yusufu ma ya tabbata. Da ka je ka gaya wa Ladi, ko ta samu barci."

Aka ce na ƙara da rashin kunya.

To ga inda nake. A can an ce abin da na yi bai isa ba, a nan an ce ya yi yawa. Ruwa ɗaya, ƙoƙo ɗaya. Ina roƙon Allah ya sa maganar mai bishara ce gaskiya, ita nake so, ita nake kwana da ita. Amma na ga mutum biyu masu tsoron Allah, kowanne zai ba da wuyansa a yanka a kan abin da ya riƙe, kuma ba wanda ya taɓa leƙawa can ya dawo a cikinsu. Na yi shekaru ina cin tuwo ɗaya da maigidana, na san tarinsa a cikin duhu, amma ranar Jibi in ya zo da ƙoƙo ya wuce bencina bai dube ni ba, ban san abin da ke cikin ransa ba. Mutumin da nake wanke wa riga ke nan. Balle Wanda ya yi dutsen Doguwa. Su kuwa sun san shi har taƙi ɗaya.

Ban bar bin Yesu ba, kada wata ta ɗauka haka. Daga bencin baya ma ana jin waƙa, kuma ina yi. Sai dai addu'ata ta gajarce. Da nakan gaya masa abubuwa da yawa game da shi kansa. Yanzu nakan ce, kai ka san inda ka ajiye shi, ka duba mini Ladi.

Makon jiya Tanko ya dawo daga kai gishiri. Ya ce har yanzu Fada bai zo ba, shinge yana inda yake, Ladi tana zuwa da yamma ta zauna a waje kusa da ƙaya. Ya ce ta ce a gaishe ni. Ban sani ba ko ita ta faɗa, ko shi ya ƙara don ya faranta mini.

Dattawa sun sake aiko maigidana ya tambaye ni ko na shirya tsayawa gaban jama'a. Ya tambaya yana duban bango. Na ce masa in don na karya maganarsa ne, na roƙe shi gafara tun ranar, kuma ina sake roƙo. In kuma so ake in ce na san Allah ya yi fushi da abin da na yi, ban sani ba, ba zan tsaya a ɗakinsa in faɗi abin da ban sani ba.

Ya ce, "To da za a mai da ke ranar fa?"

Na ce da zan ɗauki ƙoƙon. Kuma ku da kuke ta tambaya, ku ji wannan ku bar ni in huta: da zan sake wuce randar. Ko Fada da mai bishara suna tsaye a kaina su biyu, ba zan zuba wa bakwaini ruwan sanyi ba.